Yadda Nake Gwada Babur Mai Ƙafa Huɗu a Jos Kafin In Ce Wannan Ya Fi Wancan

Tambayar da aka fi yi mini a gareji ita ce, "Malam, tsakanin Raptor da YFZ wanne ya fi gudu?" Ni bakaniken mashin ne a nan Jos, kuma tun da masu hali suka fara shigo da baburan wasa masu ƙafa huɗu, wasunsu a hannuna suke kwana. Gudu shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa. A filayen da ake hawa a Filato, da wuya ka samu miƙaƙƙiyar hanyar da za ka ƙure giya ta 5 kafin dutse ko kwari ya tare ka. Abin da ke raba babur da ɗan'uwansa a wajenmu shi ne kwana, da gargada, da hawa, da kuma halin da damatsanka za su shiga bayan rabin awa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma da ƙa'idarsa.

Ka fara sanin waɗanda za ka iya cin karo da su, don galibi na hannu ne ake kawowa daga Amurka. Yamaha Raptor 700 ya fito a 2006, silinda ɗaya mai cc 686, injekta ce ke ba shi mai, kuma yana da ribas. YFZ450R, wanda ya zo a 2009, cc 449 ne, an ƙera shi don tsere, ba shi da ribas. Honda TRX400EX tun 1999 yake, cc 397, iska ke sanyaya injinsa, kuma sai daga 2005 aka sa masa ribas. Suzuki LT-Z400 na 2003 yana da cc 398 da lagireto. Shi ne dai aka sayar da sunan Kawasaki KFX400, don haka in ka rasa kayan ɗaya ka nemi na ɗayan. Sai tsohon zakara, Yamaha Banshee, wanda aka sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006: silinda 2, cc 347, giya 6, irin injin nan mai hayaƙi da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki. A manyan kamfanonin Japan, Yamaha ce kawai ta ci gaba da ƙera manyan irin waɗannan. Honda ta rufe babin TRX450R, babur ɗinta na tsere, a 2014. Wannan yana da tasiri ranar da ka tashi neman kayan gyara. Ƙananan nan na Sin masu cc 150 ko 200 da ake bayarwa haya a wuraren shaƙatawa ba sa cikin wannan zance, aji daban ne.

Yanzu abin da ba wanda zai gaya maka a Legas. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, saboda iska tana raguwa. Ke nan duk babur da ya iso nan ya riga ya zubar da sama da kashi 10 cikin 100 a hanya, in kuma ka nufi duwatsun Shere asarar ta ƙaru. Mai injekta yana rage man da kansa daidai da iskar da ya samu. Ƙarfin ya ragu, amma yana amsa totur lafiya lau. Mai kafireta ba ya da wannan wayon. Man da aka saita masa a bakin teku shi zai ci gaba da zubawa, sai ka ji yana tari, yana jan ƙafa, fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. In ka jera Banshee ko 400EX a wannan hali da Raptor, ka zalunce su tun kafin a tashi. Ciro fulogin ka duba. Launin ƙasa-ƙasa ake so. In baƙi ne, a rage girman jet ɗin kafiretar, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, tukuna, sannan a yi maganar gwaji. Amma ka riƙe wannan: babur da aka rage wa mai don Jos, ranar da ka gangara da shi Hawan Kibo zuwa Abuja, iska ta ƙaru, mai ya yi masa kaɗan, zai ɗau zafi. Banshee musamman ba ya yafe wannan, fistin yake cinyewa. A mayar masa da jet ɗinsa kafin ya sauka.

Abu na biyu kafin ka ɗora ƙafa: iskar taya. Waɗannan tayoyin kusan fam 4 suke sha, alhali ta mota tana shan wajen 30. Gejin mai faci na bakin titi allurarsa ko motsi ba ta yi a fam 4, shi ya sa yake dumbuza iska har tayar ta yi tauri. Babur da aka yi wa haka zai riƙa tsalle, ya ƙi kama ƙasa, ka ce shokozobarsa ce ta mutu. Ka nemi ƙaramin geji na iska kaɗan, yawanci yana zuwa cikin jakar sifanun babur ɗin, ka bi lambar da ke jikin takardar da aka liƙa a fendarsa. Tayoyin baya kuma lallai su yi daidai da juna. Ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, tare suke juyawa, to in ɗaya ta fi kumbura sai ta fi ɗayar cin ƙasa a kowane juyi, babur ya riƙa janka gefe kana zargin firam ya karkace.

Wannan ƙarfen na baya shi ne sirrin tuƙin gaba ɗaya, kuma shi ke kayar da gwanayen acaɓa. A mota, tayar waje tana fin ta ciki gudu a kan kwana. A nan babu wannan. Dole tayar ciki ta ɗan zame ko ta yi sauƙi kafin babur ya yarda ya juya. Don haka kana dosar kwana ka taka matakin ƙafa na waje da ƙarfi, ka karkato da ƙirjinka cikin kwanar, ɗuwawunka ya bar tsakiyar kujera. Wanda ya zauna daram kamar yana kan Bajaj, ko dai babur ya miƙe da shi cikin gonar mutane, ko tayoyin ciki su ɗaga. Kuma ba a sauke ƙafa. Mai hawan babur mai ƙafa biyu ya saba in ya ji zai faɗi ya dafa ƙasa. A nan tayar baya tana bin diddigenka, za ta kama ƙafar ta hau kai. Kwalta ma ka bar ta, don a kanta taya ba ta zamewa, sai dai ta kife. Asalin abin ma ƙafa uku ne, Honda ta fito da shi a 1970, kifewa ta yi yawa har aka daina sayar da sababbi a Amurka a 1988. Ƙafa ta huɗu, wadda Suzuki ta fara kawowa a 1982, ta rage matsalar ne, ba ta kashe ta ba.

To ga yadda nake shirya gwajin. Mutum ɗaya ne zai hau duka biyun, rana ɗaya, fili ɗaya, fetur daga jarka ɗaya. In kai ka hau ɗaya abokinka ya hau ɗaya, mahaya kuka gwada, ba babura ba. Nemi fili mai burji a bayan gari inda akwai ɗan hawa, da gargada, da wuri mai yashi. Ka gai da mai unguwa da masu gonakin wajen, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, don ƙarar salansa tana firgita shanu, kuma babu manomin da zai ga sawun taya a kunyar dankalinsa ya yi maka murmushi. Ka taka filin da ƙafa kafin ka hau. Ƙasar Jos cike take da ramukan masu haƙar kuza, daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, tafkunan da haƙar ta bari kuma suna da zurfi tun daga gaɓa. Hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Goyo babu, doguwar kujerar nan don ka riƙa matsawa gaba da baya aka yi ta.

Ka ce wa mai babur kada ya tashe shi kafin ka iso. Taɓa salansa da bayan hannu, in da ɗumi an riga ka. Sanyin safiyar Jos lokacin hunturu alƙali ne mai adalci: injin da bawul ɗinsa suka matse ko ringinsa ya gaji zai yi ta gardama kafin ya kama. YFZ da TRX450R sun fi nuna wannan, don injin tsere ne, yana son a riƙa duba bawul a kai a kai, masu shi na farko kuma ba kowa ke yi ba.

Gwajin farko a giya ta 1 ake yinsa, kuma shi ne wanda samari ke rainawa. Ajiye duwatsu biyu, tsakaninsu kamar taku 12, ka yi ta zagaya su kana zana lamba 8. A nan za ka ji nauyin kan babur, ka ji inda kuloci yake kamawa, ka ga ko injin yana jure tafiyar hawainiya. Raptor zai yi ta bugawa dum-dum-dum ko ka saki totur, ba ya mutuwa da wuri. YFZ yana son a riƙa ɗaga masa murya ana wasa da kuloci, in ka yi sakaci ya mutu a tsakiyar kwana. Banshee kuwa a ƙasa kamar ba shi da lafiya, sai allura ta hau sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya, kamar an kawo wuta ana tsakiyar hira a duhu. Daɗi ne a buɗaɗɗen yashi. A tsakanin duwatsu wahala ce zalla. Lura kuma da babban yatsanka na dama, don da shi ake danna totur, ba murɗawa ake yi ba. In sifirin ɗin yana da tauri, yatsan zai gaji kafin kai ka gaji.

Daga nan sai kwana da ɗan gudu, giya ta 2 zuwa ta 3, kuma a nan ne nake daɗewa. Faɗin YFZ450R kusan santimita 124 ne, Raptor bai kai 120 ba, kujerarsa kuma ta ɗan fi tsayi, injinsa dogo ne. A takarda bambancin kamar ba komai, a ƙasa kuwa shi ne komai. YFZ yana shimfiɗe, ka jefa shi kwana gindinsa ya zame a hankali, tayoyi huɗu na ƙasa. Raptor a wannan gudun zai fara ɗaga tayar ciki, yana neman ka ƙara fito da jikinka. Yi kwanar hagu da ta dama daidai wa daida. In babur ya fi yarda da ɓangare ɗaya, akwai abin da ya lanƙwashe, ko tayarod ko hannun gaba ko shi kansa firam. Saurari abin da kan babur ke faɗa wa tafin hannunka: yana bin inda ka nuna, ko tayoyin gaba suna turawa waje kana juya kai a banza? In yana turawa, matsa gaba har cinyarka ta taɓa tanki ka sake gwadawa, sau da yawa zaman mahayi ne. In ya ci gaba, duba ko an canza masa ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya da firam an sa dogo. Da yawa daga waɗanda ake kawowa a tudun rairayin Amurka suka yi rayuwarsu, an tsawaita su don kada su ɗaga kai a hawa, wani har da tayoyi masu fuka-fukai na haƙar yashi. Irin wannan a burjin Jos ba ya kwana, kuma tayoyin ba za su yi wata guda ba.

Amma faɗi ma yana da ranar da yake zama kaya. Hanyoyin da ke ratsa duwatsu wajen Lamingo da gindin Shere ƙafar mutane da shanu ce ta fitar da su. Akwai inda Raptor ko 400EX zai kutsa, YFZ ya maƙale. Kuma in hanya ta ƙare maka a bakin kwari, mai ribas ya ja da baya ya tafi abinsa, mai YFZ ko Banshee sai ya sauko ya ciccibi gindin babur. YFZ450R da mai a tanki kilo 184 ne ko kusa da haka. Wani Alhaji da nake yi wa aiki ya dage sai YFZ, don ɗansa ya ce shi ake tsere da shi. Na ce, "Alhaji, gonarka za ka riƙa zagayawa ko kofi za ka ciyo?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai kawo mini na tseren." Bai daɗe ba ya aiko direbansa yana tambaya ko ana iya sa masa ribas. Ba a iyawa.

Gargada kuma tsaye ake shiga, gwiwa a lanƙwashe, nauyi ya ɗan koma baya. Abin lura shi ne yadda gindi yake dawowa bayan ya nutse. In yana harbo ka sama, shokozoba tana dawowa da sauri fiye da kima. In kuma yana ƙara nutsewa daga rami zuwa rami har ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, tana jinkirin dawowa ko sifirin ya yi maka laushi. Ma'aunin da nake bi: in mahayi ya zauna da kayansa, babur ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozobar. Raptor 700R da YFZ450R duk suna da wurin saiti, sai dai mutumin da ya hau shi a can Amurka wataƙila ya ninka ka nauyi, don haka a saita kowanne da jikinka kafin a yanke hukunci. YFZ yana haɗiye manyan ramuka in kana gudu, amma a hankali yana da tauri, duk tsakuwar da ya taka sai ƙugunka ya sani. 400EX da LT-Z400 sun fi taushi a tafiyar yau da kullum, sai an matsa musu suke nuna iyakarsu. Ka tuna kuma ƙasan gindin waɗannan baburan, inda sufuroket da faifan birki suke, tsakaninsa da ƙasa ɗan taƙi ne, bai fi santimita 11 ko 12 ba. Dutsen da ka ratsa ta tsakiyarsa can zai daka. Ɗora taya a kan dutse ya fi ka bi ta kansa da ciki.

A hawa, zaɓi tudu mai sauƙi, ka tsaya cak a tsakiyarsa, ka riƙe birki, sannan ka tashi. Ƙirji a kan tanki. Raptor zai ja ka ko a giya ta 2, har ma ka yi hattara kada ya ɗaga kai. Ƙananan injuna sai da kuloci da haƙuri. In babur ya mutu ya fara komawa baya, birkin gaba za ka kama, ba na ƙafa ba, don na baya a wannan hali shi ke wuntsilar da shi a kanka. Gangare kuma giya ƙarama, ɗuwawu a can ƙarshen kujera, kuma kada ka yanki tudu a karkace in kana da zaɓi.

Birki ba ya ɗaukar lokaci: ja layi a ƙasa, iso shi da gudu iri ɗaya, taka, a auna inda ka tsaya. In kan babur ya fizge gefe ɗaya, birkin tayar gaba ɗaya ne ke kamawa.

Sai a ƙarshe agogo yake shigowa. Haɗa duk wuraren nan su zama zagaye ɗaya, abokinka ya riƙe waya yana ɗaukar lokaci, ka yi ta zagayawa har ka fara haki, ka huta, ka sha ruwa, ka hau ɗayan. Kada ka kalli zagayen da ya fi sauri, kalli na ƙarshe-ƙarshe. Mutumin da ba ɗan tsere ba sau da yawa yakan fi sauri a kan YFZ a farko, sannan lokacinsa ya riƙa lalacewa yayin da hannu ke sanƙarewa, alhali a kan Raptor ko 400EX lokacin yana nan inda yake. Wanda bai gajiyar da kai ba shi ne naka. In kai sabon shiga ne, ra'ayina 400EX ko LT-Z400; in kana da ƙiba kuma yawo cikin duwatsu kake so, Raptor; YFZ na wanda yake da fili shimfiɗaɗɗe da ƙarfin jiki da kuɗin bakanike. Banshee kuwa sha'awa ce, kuma mai sha'awa ba ya jin shawara, sai dai in ce ya tanadi fulogi a aljihu. Yaron da bai kai shekara 16 ba, kamfanonin da kansu sun rubuta a jiki cewa kada ya hau ko ɗaya daga cikinsu.

Bayan an gama, kafin inji ya huce, ɗora gindin a kan kututture ka juya tayoyin baya da hannu. In suna rawa, ƙarfen ya lanƙwashe. Girgiza su gefe da gefe, motsi na nufin boris ya tafi. Haka za ka yi wa na gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Bi firam da tocila wajen matakan ƙafa da inda shokozoba ke ɗaure, kana neman tsaga ko sabon walda da aka shafe da fenti. Yawancinsu ba su da mitar da ke nuna tafiyar da suka yi, haƙoran matakin ƙafa da suka side su ne za su ba ka labari. Sannan buɗe akwatin iyakilina, cire soson, ka zura yatsa cikin bututun da ke shiga inji. In ya fito da jar ƙura, injin ya riga ya sha ta, kuma kuɗin ringi da bawul sai a cire su daga farashin tun a wurin ciniki.